Gunvor Tana Barci a Baya

Ina tsaye a rumfar kofi a mashigar jirgin fito ta Lavik, wani dattijo ya sauko daga jirgi da motarsa mai gado da kicin, ya nufi mai rumfar.

"Baiwar Allah, kofi biyu. Yi a hankali, matata Gunvor tana barci a baya."

"Barci a jirgi?" in ji mai rumfar. "Ai kowa sama yake hawa ya ci fanke."

"Ban da ita. Tun safe ba ta ce min uffan ba, wai na ƙi tsayawa ta ɗauki hoton dutse."

"Jar riga gare ta?"

"Ina kika san ta?"

"Ban san ta ba, Baba. Waccan wace ce a saman jirgi take ɗaga hannu biyu?"

Ya waiwaya. Jirgin ya riga ya juya.

"Kama ce kawai."

Ya leƙa mota, ba ta ciki, ya dawo riƙe da wayarta.

"To, bari in bi na gaba."

"Jiragen biyu ne, a tsakiyar ruwa suke giftawa. Kana isa can, tana isowa nan."

"To in tsaya?"

"In ita ma ta tsaya can tana jiranka fa?"

"Ikon Allah! To wanne za ta yi?"

"Ni kake tambaya? Kai ka aure ta."

Ya daɗe yana kallon kofi biyun.

"Shekara arba'in, ba ta taɓa biyo ni ba," in ji shi. Ya tada mota ya shiga layin hawa jirgi.