Kifin Walimar Farfesa

Wani dattijo ya tsaya gaban teburin wata mai sayar da kifin teku, yana leƙa cikin ƙanƙara, bakinsa har kunne.

"Baiwar Allah, jan kifin nan mai faɗin baki nake nema. Walima za mu yi, 'yata ta zama farfesa."

"Ma sha Allah, Baba. Farfesar me?"

"Kifin teku mana! Rubuce-rubucenta sun cika mujallun masana. Duk mai bincike a fannin sai ya kafa hujja da ita. Su can da yawan masu ambaton aikinka ake auna ka."

"Kai ka karanta su?"

"Ina fa! Sun fi ƙarfin kaina. Na dai san a kan jan kifin nan ta yi suna."

Matar ta ajiye wuƙarta. "To ai shi aka hana kamawa, wai masana sun ce yana ƙarewa. Tun lokacin jirgin kamun kifin maigidana yake ɗaure. Ashe 'yarka ce."

Dattijon ya matso kusa da ita. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Yanzu ko biyu babu a ƙarƙashin tebur? Tun tana ƙarama shi take so."

"Ba a rasa ba."

"To ki cire kan, ki yayyanka shi ƙanana. Ba za ta gane ba."

Matar ta sunkuya ta jawo bokiti.

"Baba, in ta cinye ba ta gane shi ba, ka ce mata a kwance mana jirginmu."