Dodon da Ya Ce Akwai Gajiya

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta malamai, limamanmu na Kalgo da waɗanda suka taso daga Gwandu. Masu unguwanni, Ardo da jama'arsa, Sarkin Ruwa da masunta, malaman makaranta. Inna Hadijatu, uwarmu, matar marigayi, da babban ɗansa Lawal da ƙannensa. Jama'a, assalamu alaikum.

Ni ne Hassan Maruda, ɗaya daga cikin waɗanda marigayi Malam Bawa ya koya wa karatu, kuma mutumin da dodanninsa suka fi cinyewa a duk ƙasar nan. Ina jin shi ya sa aka zaɓe ni in yi magana a kansa.

Ya kasance malamin firamare, daga Gwandu zuwa Dangoma zuwa nan. Ya kasance mai koyar da manya yaƙi da jahilci ba tare da ya kunyata mai furfura ba. Ya kasance kuma, kowa ya sani, mai wasan Dodo. Don baƙinmu, ga yadda abin yake. Bayan la'asar zai shimfiɗa takardar buhun siminti a zaurensa, ya zana gulbi da daji da gawayi. Kowa ya ɗauki ɗan mutum-mutumin laka: wannan maharbi, wannan falke, wancan masunci. Malam ne mai ba da labari, shi ne kuma muryar kowane dodo da za ka tarar a hanya. Kai za ka faɗi abin da za ka yi, a watsa ƙwallayen dabino a ga ko ka dace.

Mu da muka fara da shi wajen alif ɗari tara da tamanin da biyu, abu ɗaya muka sani: in ka ga dodo, ka zabga masa sanda. Sai ya cinye mu. Mu dawo da mashi, ya cinye mu. Atiku, ga shi can yana sunkuyar da kai, har bindiga ya ƙera wa maharbinsa da kara. Shi aka fara haɗiyewa.

Ranar nan mun iso mashigin gulbi, Dodon Ruwa ya tare hanya. Dabara ta ƙare mana. Sai Atiku, don tsokana kawai, ya durƙusar da ɗan maharbinsa ya ce, "Barka da yamma, Dodo. Ina gajiya?"

To, jama'a, tun da aka haife mu amsar wannan gaisuwa ɗaya ce. Ko mutum na kwance yana nishi, cewa zai yi ba gajiya. Malam ya kumbura kumatu, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Akwai gajiya, yaro! Akwai ta ƙwarai!"

Muka fashe da dariya. Malam ko gezau. Atiku ya ce, "To mi as same ka?" Ashe ƙugiyar masunci ce ta maƙale wa Dodo a dasashi, shekara da shekaru bai rintsa ba, kuma duk wanda ya zo sai ya ƙara masa da duka. Muka cire ƙugiya, ya goya mu ya haye da mu. Daga ranar muka gane kowane dodon Malam yana da abin da ya tsayar da shi a wurin. Wani ɗansa ne ya ɓace. Wani kaɗaici ne, abokin hira yake nema. Wani kuwa mugu ne na gaske, sai ka lallaba ka wuce, amma ba za ka sani ba sai ka tambaya.

An taɓa kai ƙara wai caca ake yi a zauren. Dattijon da aka aiko bincike ya zauna gefe yana harara. Kafin magariba shi ne ke ciniki da Dodon Tsamiya. Ba zan faɗi sunansa ba, yana sahun gaba.

Malam ya kasance mai sulhu. Shekarar da rigima ta tashi a mashaya tsakanin makiyaya da masu lambu, samarin ɓangarorin biyu duk sun taɓa zama a tabarmarsa. Sanduna na hannu, amma gaisuwa aka fara yi. Ardo shaida ne.

Yanzu ga abin da ya dame mu. Bayan sadakar bakwai labari ya iso mana cewa Lawal zai rufe zauren, ya zubar da 'yan lakan nan a gulbi. Muka harzuƙa. Muka ce kunyar wasan ubansa yake ji, tun da ya zama ma'aikaci a Birnin Kebbi. Har mun shirya zuwa mu yi masa ca. Muna bakin ƙofa Atiku ya ce, "Kai, ɗiyan wa muke?" Sai na shiga ni kaɗai, na zauna, na ce, "Lawal, ina gajiya?"

Ya ce, "Akwai, Yaya Hassan." Ya ba ni izinin faɗin sauran. Ya ce shi ba kunya yake ji ba. Ba zai iya wucewa ta ƙofar zauren nan ya ji wani yana kwaikwayon muryar Dodon Ruwa ba, alhali mai muryar yana ƙarƙashin ƙasa. Wallahi ni ma kuka na yi.

Lawal, ƙanena, ka yi gaskiya, kuma ga alkawarinmu a gaban Hakimi. Dodannin Malam sun yi ritaya tare da shi. Ka adana su, babu mai sake ara musu baki. Abin da muke roƙo zauren ne kawai, don yaran da ba su riske shi ba su kwaɓa nasu dodannin. Inna Hadijatu, ki taya mu roƙo, kin fi mu iya magana da shi.

Af, ba sai kin wahala ba, Inna. Jama'a, ku duba, ga Lawal ya miƙo mabuɗin zauren. Lawal, riƙe abinka. Kai za ka buɗe mana da hannunka.

Mun gode wa duk wanda ya tako, na kusa da na nesa. Ya Allah, bawanka Bawa ya yi mana hidima har ya gaji, bai taɓa faɗa ba. Ka hutar da shi, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu shafa Fatiha.