Katin Dogo Mai Mutum Tara

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, babbar likita da abokan aikinta masu bincike, shugaban ƙungiyarmu ta masu fasa dutse, malamai, matanmu da ke zaune can baya, tsofaffin abokan aikina da 'ya'yanmu da suka gaje mu a bakin inji, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka miƙo mini wannan lasifika. An ce in yi minti biyar. Ni ban san agogo ba, in na gama za ku ji na yi shiru.

Ban yi boko ba, amma shekara arba'in na yi a bakin injin niƙa dutse, kuma babu wanda ya yi aiki a wurin da ban san inda yake tsayawa ba.

Magana ta farko, laifinmu ne, kuma da bakina zan faɗa. A zamaninmu buɗe kati a asibiti yini guda ne a layi, in ka yi yini ba ka nan kuwa, ka dawo wurin aiki ka tarar an ba wani gurbinka. Saboda haka kati ɗaya gare mu, na ƙanena Dogo. A ƙusa yake rataye bayan ƙofar ɗakin ajiye guduma. Duk wanda jiki ya matsa wa sai ya ciro, a kira sunan Dogo a asibiti, ya amsa.

Magana ta biyu. Bara likitar nan ta zo, ta ce tana binciken ciwon daji na huhu da na matsarmama: wa yake kamawa, yaya yake farawa, wane magani ke yi masa aiki. Sau biyu ina korarta. A zuwa na uku ta buɗe fayil ɗin Dogo a gabana ta ce, "Baba, taimake ni. Mutumin nan an cire masa matsarmama, bayan shekara uku an sake cire masa ita. Ya rasu da ciwon huhu, bayan rasuwarsa kuma ya dawo da ciwon haƙori."

Na yi dariya har da hawaye. Sannan dariyar ta tsaya, domin na san su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "'Yata, rubuta. Matsarmamar farko ta Mai Guduma ce. Ta biyu ta Direba ce. Mai huhu Gajere ne, shekara goma sha tara yana bakin inji da tsumma a hanci. Mai haƙorin kuwa, ga shi zaune a gabanki."

Mako uku muna wannan zama, mutum tara muka fitar daga fayil guda. Ita da alƙalami, ni da abin da ke cikin kaina. Sai da aka raba su sannan aka ga abin da ke ɓoye: Mai Guduma, da aka gano nasa da wuri, ya ƙara shekara goma sha biyar har ya aurar da jikarsa, Direba ya jira sai da idonsa ya yi ɗorawa, bai ga wata damina ba. Ta ce mini bincike bai ƙare ba, ba za ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ranar nan na yarda da ita, kuma kun san ban cika yarda ba.

Magana ta uku, kai nake nufi, Dogo. Kada ka ɓuya bayan abokinmu Tela, ka fi shi tsawo. Wata huɗu ke nan kana tari, na ga ka ƙara huda biyu a bel ɗinka. Ka ce mini, "Yaya, duk wanda ya tafi da katin nan bai dawo ba." Ba haka ba ne. Mai Guduma ya dawo, ni ma na dawo. Kati bai kashe kowa ba. Jinkiri ne ya ci su, mu kuma muka lulluɓe shi da sunanka.

Gobe za a fara ɗaukar hoton ƙirji, ni ne na farko a layi. Ga katina. Ban iya karanta shi ba, amma an ce sunana ne, ni kaɗai. Ga naka kuma, sabo ful, babu wanda ya taɓa mutuwa a cikinsa. Taso ka karɓa a gaban jama'a. In ba ka taso ba, ina nan tsaye, kuma na faɗa muku ban san agogo ba.

Yauwa! Ku ba shi hanya. A hankali, ɗan'uwana, babu mai korarka.

Allah ya ji ƙan Gajere da Direba da sauran waɗanda suka amsa sunan da ba nasu ba. Allah ya sa wa hannun likitocin nan albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.