Keke Shida a Zauren Gidana

Assalamu alaikum. Kafin in gaida kowa ina da gargaɗi, kuma da ku nake, samarin da kuka gama tsere kuna share gumi. Wanda ya zaci an kira ni nan don in yabi keke, ya gyara zama, domin ni uwa ce, ba maroƙiya ba. Mai yatsa a kan ƙararrawa kuma ya ɗauke shi har in gama.

Mai girma shugaban taro, wakilin kumandan, masu sarauta, malamai da limamai, shugabannin ƙungiyar mahaya keke ta Tawa, iyayena mata da ƙannena, baƙinmu na Affala da Takanamat da Bambeye, da dukan jama'ar da suka jure rana a filin nan, ina gaishe ku, ina yi muku barka da bikin Jamhuriya. Na gode wa ƙungiya da ta ba mace baki a taron maza. An ce an zaɓe ni ne don a zaurena aka kafa ta, kuma gaskiya ne, baƙin mai yana can a bangonsa yana shaida.

Magana ta farko. Ɗana Arzika, wanda ya zo na uku yau, yana da keke shida. Ba ɗan fari ba ne, saboda haka zan kama sunansa. Yana son Kadidiya, ɗiyar Malam Dodo na Bambeye, ita ma tana son sa. Ƙanen marigayi mahaifinsa, Baba Idi, shi ya je neman iri. Da aka tambaye shi abin da yaron ya mallaka, sai ya ce keke shida. Bai yi ƙarya ba. Amma kun san a bakinmu keke biyu ne, akwai na hawa, akwai na ɗinki. Malam Dodo ya ji keke shida, sai ya ga babban tela. Ya yi murna, ya amince.

Ran Lahadi ta kasuwa sai ga shi a ƙofar gidana da ƙunshin yadi, wai surukinsa ya ɗinka masa riga. Na kai shi zaure. Ya dubi ƙarafan nan a jingine, ya dube ni, ya ce, "Madam, ina kekunan?" Na ce ga su. 

Kuna dariya, ni ma na so in yi, sai da ya zauna ya gaya mini dalilinsa. Babbar ɗiyarsa Balkisu, mijinta ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi Kurmi cin rani, damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, babu shi babu labarinsa. Wace uwa ce a Adar ba ta san irin wannan ɗaki ba? Ya ce mini, "Tela na so, don keken tela yana yini yana juyawa bai bar ɗaki ba. Wannan kuwa, in ya tsaya faɗuwa yake. Mi mutum mai ƙafa biyu zai yi da shida, in ba shirin tafiya ba?" Ya ɗauki yadinsa, ya ce a dakatar da maganar aure.

Magana ta biyu. Na yi lakwal, wato boko, an koya mini yadda duniya ke zagaya rana, amma tambayar nan ta Malam Dodo ba ni da amsarta. Ni kuwa ba na son abu ya zauna a gidana ban san kansa ba. Da safe na sa kujera a zaure, na kira Arzika, na ce ya gabatar mini da su ɗaya ɗaya, kamar baƙi.

Ashe kowace hanya da kekenta. Mai siririyar taya na tsere ne, in ya shiga rairayin hanyar Takanamat sai ya nutse kamar allura a tuwo. Akwai wani mai nauyi, baƙi, wanda ya sayo wurin wani ɗan kasuwa Basakkwace, shi ke iya duwatsun hanyar Affala, tayarsa duk faci saboda ƙayar aduwa. Akwai wanda ba shi da taya ko ɗaya, ba sirdi, ba birki. Na ce wannan gawa ce. Ya ce a'a, ita ce uwar sauran, a jikinta yake ciro abin gyara. Har yau ni biyar nake gani, shi yana ganin shida.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne wani kore, da ya saya wurin wani Bature mai komawa gida shekarar da muka sami 'yanci. Ba ya hawansa, sai gogewa. Na tambaye shi amfaninsa, ya ce sautinsa yake so. Na ce in ji. Ya kifa shi, ya juya feda da hannu, ya saki. Taya ta yi ta gudu ita kaɗai, tana wani ƙaramin kuka mai tsabta kamar na gyare, ba ta karkata ko kaɗan ba. Ban gane abin da yake ji a ciki ba, kuma har yanzu ban gane ba. Amma na ce ya sake juyawa.

Daga nan na yi masa tambayar da ta kawo ni. Na ce, da waɗannan duka, ina ne iyakarka? Ya ce, "Inna, inda ƙafata za ta iya dawo da ni."

Ba na karɓar maganar yaro ba bincike. Na tambayi maƙwabta, na tambayi abokan hawansa, na tambayi kaina, domin ni ke rufe ƙofar gidan. Bai taɓa kwana a waje ba. Na kuma bi sunayen 'ya'yan unguwarmu da suka tafi ba su dawo ba, sai na ga duka kamiyo ya kwashe su. Ban sami wanda ya taka feda har bakin teku ba. Kada ku tafa, samari. Wannan bai wanke ku daga firgita tsofaffi a lungu ba, bai wanke ku daga buga ƙararrawa a ƙofar masallaci ba.

Na je Bambeye na kai wa Malam Dodo abin da na gano. Ya saurara har ƙarshe, ya ce mijin Balkisu ma ya iya magana mai daɗi. Ya ce in na tsaya wa ɗana da gaske, in faɗa a inda jama'a za su ji. Ga shi can zaune a inuwa, ga ku.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu ɗakunansu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yanzu ku zama shaidu. Daga yau, keke ba zai fita daga zaurena ba sai mai shi ya gaya wa Kadidiya hanyar da zai bi. Keken da ya fita, da shi da mai hawansa, a gida za su ji kiran magariba. Ranar da aka saɓa, da hannuna zan cire sarƙoƙinsu duka, in kai Bambeye, su zauna wurin Malam Dodo har ranar da ya ga dama. Arzika, ka ji. Malam Dodo, kai ma ka ji, kuma gobe Baba Idi yana tafe da goro.

Na gode.