Zaren Kaset a Gonar Dada

Kuɗin motar da ya kai ni Kano daga gyaɗar Dada ya fito, mahaifiyata, kakarku ke nan. Buhu biyu ta sayar a kasuwar Mubi, ta ƙulle kuɗin a bakin zani, sai da muka isa tasha ta kwance. Ni kuma da zafin baki na ce ba zan dawo ba sai da kayan buɗe shagon hayar kaset a cikin garin Mubi, da sunanta a jikin allo. Ita dai cewa ta yi in dawo lafiya. Kai Buba, ajiye wayar nan, ai ita ma wayar tana cikin labarin.

A Kano na samu aiki wajen wani Alhaji Ila mai shagon haya. Ranar farko ya ce in yi wa kaset-kaset "riwayin". Na tsaya ina kallonsa kamar an ce in yi Larabci. Ashe mayar da zaren kaset ɗin zuwa farkonsa ne, abin da a kaset ɗin rediyo biro ma yake yi. Mutanen shagon kuma suka samu abin dariya a Hausata, in na ce "matar nan ya zo" sai shago ya ɗauka. Har na baro garin ba wanda ya san sunana, Ɗan Mubi kawai.

Amma aikin na iya shi. Duk fim ɗin da ya shigo sai na kalle shi tas kafin ya fita haya. Wanda bai kamata a kalla a gaban suruki ba, sai in ɗiga masa jan fenti a baya. Alhaji ya tsani wannan ɗabi'a tawa, saboda man janareta.

"Aiki na ɗauke ka ko kallo?"

"Alhaji, in ban kalla ba, me zan gaya wa mutane?"

"Ka ce musu yana da kyau."

"In ya sa su kunya a gida fa?"

Ya yi tsaki ya fita. Daga baya da ya ga mutane suna tsallake shaguna uku su zo wajenmu, shi da kansa yake sayo fentin. Mutum zai shigo ya ce, Ɗan Mubi, iyalina na son mai sa kuka, in miƙa hannu ban ko duba ba. Washegari ya dawo da shi, a zauna a benci a yi ta musun wa ya fi laifi a fim ɗin. Wallahi bencin nan na fi kewa.

Kaset ya ba faifai wuri, muka bi. Sai masu tura fim a waya suka kafa tebur a bakin lungunmu, "dawunlodin" suke ce masa. Su ma ba su daɗe suna dariya ba, data ta zo, kowa ya koma jawo abinsa daga ɗaki. Bencinmu ya zama wurin barcin kyanwa. Ranar da Alhaji ya ce zai koma sayar da caja da rigar waya, na ce ya sayar min da kayan. Mutumin kirki ne duk da faɗansa.

"Kada ka saya, Ɗan Mubi. Abin nan ya mutu."

"A Kano ya mutu. Kafin ya iso Mubi an daɗe."

Nan na yi kuskure. Ina auna nisan da kwana guda a mota, na manta abin ba mota yake hawa ba. Buhu huɗu na ɗauro, har da allon da na sa aka rubuta sunan Dada. Mai keken da ya ɗauke ni daga tashar Mubi, fim yake kallo a waya yana jiran fasinja. Na gani da idona, amma na dake. Wata uku na buɗe shago. Masu shigowa tambayarsu ɗaya, ko ina cajin waya.

Na kwashe kayan na nufi ƙauyenmu Kwaja da kunya, ina tsara abin da zan ce. Dada ba ta tambaye ni komai ba. Ta sa na fasa kaset ɗaya, ta ja zaren, ta ɗaga shi a rana yana walƙiya, iska na kaɗa shi yana ƙara. Lokacin dawa ta fara ido, tsuntsaye sun addabi kowa. Kwana biyu muna ɗaura zare daga kara zuwa kara, muna rataya faifai. Har masu jan fentin, tsuntsu ba shi da suruki. Shi ne abin da kuke gani yana ƙyalli a gonar har yau, buhu ɗaya ya rage.

Da muka gama ta hango allon a jingine, ta ce in karanta mata, don ba ta yi boko ba. Na karanta. Ta ce in sake. Na sake.

"To, kafa shi a bakin gonar," in ji ta. "Ai a nan kayan suke aiki."