A Ba Kowane Shafi Tafintocinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Ɗalha. Iyayenmu hakimai da malamai. Shugabannin 'yan kasuwar Jega. 'Yan uwana manoman Aliero da Maiyama. Iyaye mata da ke can baya, ina gaishe ku gaisuwar girma. Sunana Arzika Almu, manoman albasa na Aliero sunka turo ni. Ina godiya da anka ba ni dama, amma ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake.

Da farko, ga wanda bai sani ba: shafukanmu uku na intanet, na Jega da na Aliero da na Maiyama, na'ura guda ke ɗauke da su, ita ce uwar garke. A cikinta akwai wasu manhajoji da ake kira tafintoci. Duk wanda ya buɗe shafi, tafinta guda ke karɓar buƙatarsa, ya haɗa masa abin da ya nema. Tafintocin nan suna da iyaka, kuma tun farko rukuni guda anka yi musu, shafin da ya riga shi ke kwashewa.

Bara, Injiniya Lubna mai kula da na'urar ta tsaya a zauren nan ta ce a raba, kowane shafi da rukuninsa, da iyakarsa. Me munka ce mata? Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ɗiyata, mu da munka tashi muna ci a kwano guda, yau za ki raba muna gida?" Anka yi tafi har da kabbara. Ta zauna.

To, ga abin da tafin nan ya haifa. Gab da Babbar Sallah, shafin Jega ya sa hotunan ragunan layya. Jama'a sunka yi masa caa, ya kwashe tafintocin kaf, bai bar ko guda ba. Ban ga laifin 'yan Jega ba, kasuwa ce ta buɗe musu. Amma a ranar ne Malam Sabo na Kashin Zama ya buɗe rudunsa, inda ya adana albasa tun rani, ya ɗura a buhuna, ya jera a bakin hanya. A shafinmu ake kama mota, mu da kanmu munka hana kowa neman direba ta bayan fage. Ya danna, shafi na ta juyawa. Ya sake dannawa, shiru. Kafin shafin ya farfaɗo, motoci sun cika sun wuce kudu, hadari ya taso daga gabas, ruwa ya jiƙe buhunan sharkaf.

Na je na gani da idona. Noman shekara guda, yana wari a bakin kwalta. Ya dube ni ya ce, "Arzika, wagga ita ce 'yan uwantakar da kuka ce?" 

Jama'a, wane irin zumunci ne wanda ba a san rabon kowa ba? Wane irin zumunci ne mai ƙarfi zai cinye, a ce da maras ƙarfi ya yi haƙuri? Ko a gona guda, kowa ya san kunyarsa. Na'ura ba ta san kara ba, ba ta san wa da ƙane ba, abin da anka tsara mata shi take bi.

Buƙatarmu ɗaya ce: yau, kafin a tashi, a ba Injiniya izini ta raba. Ba gobe ba, ba sai kwamiti ya zauna ba.

Ku dubi kujerar can ta gaba, ba kowa a kanta. Ta Malam Sabo ce, tun kafa ƙungiyarmu ta garuruwan nan uku bai taɓa fashin taro ba sai yau. Na biya masa da safe, ya ce ba ya zuwa, in an raba tafintocin in kira shi. Ga wayata a hannu, ku nake jira.

Allah Ya mayar masa da alheri, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.