Shafi Ɗaya a Teburin Uwar Tagwaye

Shugaban wannan zama, babban likitan asibitinmu. Malamanmu da dattawan unguwa. Maigidan marigayiya da 'ya'yanta. Abokan aikinta na ɗakin jinyar yara. 'Yan'uwana mata marubuta, assalamu alaikum.

'Yan ƙungiyarmu ne suka tsayar da ni in yi magana da bakinsu, domin katanga ɗaya ta raba gidana da na Uwar Tagwaye, kamar yadda duk muke kiranta.

Ta kasance nas, mai wuni a tsaye kan 'ya'yan mutane, ta dawo gida ta tarar da nata biyar suna jiranta. Ranar da ta ce mini tana so ta rubuta littafi, dariya na yi. Na ce wadda shayinta ke hucewa kullum kafin ta kai shi baki, ina ita ina littafi? Ita ma ta dara. Ta ce ta gwada jiran ranar hutu, hutun bai zo ba. Ta gwada kulle kanta a ɗaki, sai ga 'yan yatsu ta ƙarƙashin ƙofa ana kiran Mama. Daga nan ta haƙura da neman shiru.

Sai ta sake dabara. Da la'asar, idan yara suka baje aikin makaranta a teburin cin abinci, ita ma sai ta ja kujera. "Kowa ya kama aikinsa," in ji ta, "ni ma an ba ni nawa." Shafi ɗaya take yi, kullum. Na sha shiga in same ta tukunya na tafasa, tagwaye na kokawa kan fensir, auta na kan cinya, biro kuwa bai tsaya ba. Ta ɗago ta raba faɗa, ta gyara wa babbar 'yarta lissafi, ta koma kan maganar da ta bari kamar ba wanda ya katse ta. A teburin nan aka haifi littattafan da yau ake karanta wa yara a gadon asibiti.

Ta kasance ba ta rowar abin da ta gano. Ita ta tara mu, malamai da teloli da matan gida, duk mai labari a ciki. In kin ce mata ba lokaci, ba ta musu da ke, sai ta tambaye ki me hannunki ke yi yayin da kike jiran girki ya nuna.

Ta kasance, jama'a, mai wani irin ƙarfin zuciya da ba mu san zurfinsa ba sai da ciwon shanyewar jiki ya kama ɓarinta na dama. Muka haɗa baki kada wadda ta ɗaga mata zancen littafin da ta bari rabi. Ashe ranar da aka sallamo ta, la'asar na yi ta ce a tura kekenta zuwa teburi. Yara sun girma sun watse, ba kowa sai maigidanta. Ya ce ta riƙa faɗa yana rubutawa. Ta ce, "Bar shi, Baban yara. Hannun hagun nan ya daɗe yana cin abinci a banza, yau zai fara aiki."

Mun ga takardun. Na farko kamar rubutun ɗan aji ɗaya, baƙaƙe na hawa kan juna. A hankali layi ya miƙe. Muka karanta har shafin ƙarshe. Ta gama littafin kafin Mai abu Ya karɓi abinsa.

Baban tagwaye, mun ga ɗawainiyarka, ita ma ba ta gaji da faɗarta ba. Ku kuma 'ya'yanmu, kada wani cikinku ya taɓa zaton ya tare mata hanya. Da bakinta ta ce mini da ba ku, da ba ta da abin rubutawa. Ƙofofinmu a buɗe suke gare ku, ku shigo ba sai da sallama biyu ba.

Mun gode wa duk wanda ya bar hidimarsa ya zo. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta haƙuri. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah Ya ba ta nata a hannun dama. Amin.